Selwyn Ya Kwance Igiyar Kyaftin

A tsibirin nan, duk wanda ka tambaya labarin Kyaftin Harker sai ya tofar da yawu kafin ya amsa. Kakanninsu ne suka yi masa bore a teku, suka ƙwace jirgin yaƙinsa, suka jefa shi cikin kwale-kwale da 'yan tsirarun mutanensa. Shi ya sa duk shekara ake sa wa wani tsohuwar rigar kyaftin, a ɗaura wa kwale-kwale doguwar igiya a tura shi ruwa, a yi ta jifansa da ruɓaɓɓiyar gwaiba, sannan a janyo shi yana roƙon gafara.

Selwyn Tarrow, mai gyaran kwale-kwale, shi aka laƙaba wa aikin tun yana saurayi, don Allah ya ba shi hanci da baƙin rai irin na kyaftin. Jifan bai dame shi ba. Roƙon ne ke ci masa rai, domin ya san mutumin bai roƙi kowa ba, da wannan ɗan kwale-kwalen ya ratsa teku ya kai mutanensa tudu.

"Azzalumi ne," in ji matarsa Dorcas. "A kan kwakwa guda ya zane kakan kakana."

"Ni na ce ba azzalumi ba ne? Bakinsa ma ya fi nawa wari. Amma matsoraci? Haba Dorcas!"

"To, je ka aure shi mana."

Da gwiwoyin Selwyn suka fara ciwo, aka ce bayan bikin bana zai miƙa rigar ga wani. Ranar bikin aka tura shi, gwaiba ta soma sauka. Da aka ja igiya, sai ta taho sakayau. Ashe tsohon ya kwance ta, ya kama filafili, ya nufi mashigar duwatsu inda ko samari ba sa bi sai da inji.

"Dawo, tsohon banza!" Dorcas ke ihu. "Dawo in kashe ka da hannuna!"

Ruwa ya haɗiye shi, ya amayo shi, ya sake haɗiyewa. Can sai ga shi a gaɓar bayan coci, jiƙe sharkaf, gwaiba a kunne, yana dariyar da ba a taɓa ji daga bakinsa ba. Maza suka ɗaga shi a kafaɗa, Dorcas na kuka tana zaginsa.

Har yau ana jifan kyaftin, don ya cancanci jifa. Amma ba a ƙara ɗaura igiyar ba, kuma wanda bai iya tuƙi ba, ba a ba shi rigar.