Kwamfutar da Ba Ta Son Baƙi

Shekarun baya, lokacin ina zaman jiran sakamakon makaranta a gidanmu na Gwandu, na kusa samun sunan da da ya bi ni har kabari. Kun san halin garuruwanmu. In laƙabi ya manne wa mutum, ba a kansa yake tsayawa ba, gidan gaba ɗaya ake kira da shi, jikoki su taso su tarar da abin ba su san mafarinsa ba. Nawa laƙabin da aka so liƙa mini shi ne Mai Birki, kuma wasan ƙwallo na kwamfuta ne ya jawo.

Ina da wata laftof ta hannu da yayana ya bar mini da ya sayi sabuwa. Ba wata ta a zo a gani ba ce, amma tana ɗaukar wasan ƙwallon ƙafa sumul. Muna jona ta da talabijin a zaurenmu, mu riƙe fad biyu, wato abin da ake sarrafa 'yan wasa da shi, mu yi ta gwabzawa da 'yan unguwa bayan la'asar. A Kalgo kuma ina da aboki, tun makarantar kwana muke tare, kwano ɗaya muke ci. Shi ma yana da majalisarsa ta masu wasan. Da haka aka ƙulla gasa tsakaninmu: wannan Asabar mu je Kalgo a buga a wani shagon wasa, ta gaba su hawo babura su zo Gwandu a buga a kan laftof ɗina. Har wani ɗan kofi na roba aka saya, wanda ya ci ya tafi da shi.

Abokin nan nawa gwani ne, ban taɓa musun haka ba. Shi ɗan yanka ne, ya wuce wannan ya wuce wancan, komai nasa a kan ƙiftawar ido yake. Ni kuwa wasan gidadanci nake yi. In tare gida, in dunƙula ƙwallo in cilla gaba, Allah ya sa kan wani ya same ta. A Kalgo kullum shi ke ci na. A Gwandu kuwa sai labari ya canja.

Abin da ke faruwa shi ne, za a fara wasa lafiya lau, ana dawowa hutun rabin lokaci sai hoton ya fara sarƙewa. Ɗan wasa yana gudu sai ya daskare, kafin ka ankara ya ɓullo a wani wuri, ƙwallo ta bar ƙafarsa. Kuma abin ya fi tsanani in an taru a bakin raga, daidai inda abokina ke buƙatar yankansa. Ni da ke cilla ƙwallo sama ban cika jin ciwon ba. Sai ga shi ina cin gwani, har kofi ya kwana biyu a kan talabijin ɗinmu. Na yi kurari kuwa, ba zan ɓoye muku ba, har hoton kofin na ɗora a gurup ɗinmu na waya.

Ranar da abin ya fashe, abokina ya samu shiga shi da mai tsaron gida, hoto ya tsaya cak, da ya dawo ƙwallo tana hannun gola. Ya ajiye fad a hankali, ya juyo ya dube ni.

"'Yan unguwarku sun ce injin ga bai sarƙewa sai mun taho. Mi kaka yi mai?"

Na yi dariya, na zaci tsokana ce. Bai yi dariya ba. Da yamma ya tura saƙon murya a gurup, ya ce ina da wata manhaja a wayata da nake taka wa wasan birki da ita duk lokacin da ya kawo hari. Ya ce ruwa ba ya tsami banza. Kuma in za a bi ta ido, biri ya yi kama da mutum, domin wayata kullum tana gefen cinyata, kuma gaskiya ne da 'yan unguwa ba ta taɓa sarƙewa ba. Kafin a kwana biyu, na je sayen shayi wani ya ce a ba Mai Birki wuri ya zauna. Aka kwashe da dariya. Na sha shayin a tsaye.

Abin ya yi mini ciwo sosai, ba don 'yan teburin shayi ba, don wanda ya fara faɗa. Mutumin da ya san ni tun muna wanki da sabulu ɗaya.

Manyan majalisun biyu suka shiga tsakani. Hukuncinsu shi ne in mayar da kofi, in ba da haƙuri a gurup, a daina wasa a kan laftof ɗina, magana ta mutu. Yayana ma ya kira ni daga Birnin Kebbi ya ce in yi hakan, ai ba da haƙuri ba ya rage mutum, kuma abin kunya ne a ce gardawa suna faɗa a kan wasan yara. Na ce masa kofi ko yanzu a zo a ɗauka, roba ce. Amma ranar da na ce a yi haƙuri, ranar na sa hannu cewa na yi maguɗi, kuma ranar gidan mahaifinmu ya zama gidan Mai Birki. Ya ce taurin kaina ne zai kashe ni. Na ce to a bar shi ya kashe ni da sunana.

Daga nan na zauna wa laftof. Na kunna ɗan ma'aunin nan da ke nuna yawan hotunan da take zubowa a daƙiƙa a kusurwar allo. Yana kan sittin, ba ya motsi. Duk da haka na rage kyan hoto, na kashe inuwa, na mayar da 'yan kallon filin kamar kwali. Na sabunta direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa hoton na'urar, abin da ya cinye mini data har na ji a jikina. Na rufe duk wata manhaja da ke aiki a ɓoye, na bincika ko ƙwayar cuta ce ta shiga. Na yi zargin caja, na aro wata. Na yi zargin wayar talabijin, na yi zargin fad na biyu. Har goge wasan na yi na sake ɗora shi. Wahalar ita ce ina neman maganin ciwon da ya ƙi nuna kansa. In dai ni kaɗai ne ko da 'yan unguwa, sai ta yi ta gudu kamar tana yi mini gwalo.

Na shirya zauren daidai yadda yake kasancewa ranar gasa. Lokaci ɗaya, talabijin ɗaya, fad biyu, ga zafin bazara. Muka buga da wani maƙwabcinmu har hannu ya gaji, ko gezau. A raina na fara cewa ko dai na'urar nan da gaske ƙin mutanen Kalgo take yi. Na kai matsayin da nake yi mata magana kamar mutum, mahaifiyata ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya.

Ana cikin haka wata rana kawuna ya zo daga Malisa. Muna zaure ni da maƙwabcin nan a kan tabarma, laftof tana kan siminti a gabanmu. Mahaifiyata tana da wata ƙa'ida da ba ta taɓa karyawa. Ɗan unguwa tabarma ce tasa, amma duk wanda ya taka hanya daga wani gari, ko yaro ne, sai an fito masa da dardumar baƙi. Wata babbar darduma ce mai gashi, ƙafa tana nutsewa a cikinta, yayarta ce ta kawo mata tsaraba daga aikin hajji. Aka ce mu tashi a shimfiɗa. Ta cinye zauren kusan duka, don haka na ɗaga laftof na ɗora a kanta kamar yadda na saba, muka gaisa da kawu, ya ce mu ci gaba da abinmu yana jiran a kawo fura.

Ba a jima ba fankar cikin laftof ɗin ta fara kuka. Kawu ya ce in rage wa abin nan nishi, ba ya jin abin da ake faɗa daga cikin gida. Na kai ido kusurwar allo, sai na ga sittin ta gangaro ƙasa da ashirin, ɗan wasana ya daskare a tsakiyar fili. Na ɗaga laftof na sa tafin hannu a inda ta zauna, wurin ya yi zafi kamar an sauke tukunya. Na kifa ta. Ashe duk ƙofofin da take shaƙar iska a cikinta suke, ta ƙasa, gashin darduma yana toshe su ruf. In ta ɗauki zafi sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, shi ya sa sai an yi nisa a wasa take farawa. Karramawar da ake yi wa 'yan Kalgo ce take shaƙe ta.

Da kawu ya tafi na shiga na yi wa mahaifiyata bayani, ina zumuɗi. Ta saurare ni har na gama, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Wato dardumata ita ad da laihi?"

Na ce ba haka nake nufi ba, Inna, amma in za a riƙa barin 'yan Kalgo a kan tabarma, shi ke nan.

"Baƙo bai zama bisa tabarma gidan ga ina raye. Injin naka in shina jin zahi, shi nemi wurin zama."

Ta miƙa hannu ta ɗauko kwandon roba mai huji-huji da take tsane shinkafa, ta kife shi a gabana. Na ɗora laftof a kai, a kan dardumar, na buga har magariba ta kawo jiki. Ma'auni bai sauka daga sittin ba. A nan na gane wajen wa na gado taurin kan da yayana ke faɗa.

Da na so, da na rubuta bayanin a gurup na huta. Amma na san za a ce Mai Birki ya ƙirƙiro labari. Na roƙi Inna aron darduma. Ta ce in ɗauka, da sharaɗin a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, kuma kada wanda ya hau da takalmi. Ranar Asabar na naɗe ta na ɗaure a bayan babur, laftof a goye, kwandon shinkafa a rataye a hannun babur, na kama hanyar Kalgo. Duk wanda na wuce sai ya waiwayo, ga ni kamar wanda aka kora daga gida.

Na tarar da majalisarsu a cike, sun ɗauka haƙuri na zo bayarwa. Na ajiye kofin a gaban babbansu, na miƙa masa wayata na ce ya kashe ta ya sa a aljihunsa. Na shimfiɗa darduma, na ce abokina ya ɗora laftof da hannunsa, kuma su buga shi da wani nasu, ni ina can gefe hannuna a harɗe. Ana dawowa hutun rabin lokaci ta fara halinta. Na ce ya ɗaga ya taɓa ƙasan. Ya taɓa, ya janye hannu da sauri. Muka bar ta ta huce, na kifa kwando, aka ɗora, na karɓi fad na ce to yanzu ni da kai.

Jama'a, na sha kashi. Hoton nan yana tafiya sumul, abokina yana yanka 'yan bayana kamar yana yanka kuɓewa. Tun ina ƙirga ƙwallayen har na bari. Majalisa ta kaure da shewa, wani ya ce ashe duk cin da na yi a Gwandu darduma ce ta ci mini. Na ce haka ne, a soke su duka, a rubuta wa darduma.

Abokina ya dafa kafaɗata yana dariya, ya ce shi ke nan ai, komai ya wuce, dama wasa ne. Na cire hannunsa. Na ce ya fi ni iya ƙwallo, wannan na yarda a gaban kowa. Amma a gurup ya kira ni mai maguɗi da muryarsa, a can zai janye da muryarsa. Babbansu ya ce in bar maganar haka, kada in tsawaita. Na karɓi wayata daga hannunsa, na kunna, na danna wurin ɗaukar murya, na kai ta bakin abokina na tsaya. Ya dubi dardumar, sannan ya buɗe baki.

"Abin da nic ce bisa abokina ba gaskiya na ba. Bai yi maguɗi ba, shi yahe mini." Sannan ya ƙara, "Amma dai na lallasa shi."

Na tura saƙon a gurup haka nan, har da ƙarshen.

Yau in wani ya kawo mini kukan wasansa yana sarƙewa, kafin in ce ya taɓa wani saiti sai na tambaye shi a kan me ya ɗora na'urar. Da yawa a kan katifa ne ko filo. Abokina yana nan, yana zuwa Gwandu da iyalinsa, Inna tana fito masa da dardumar, kwandon kuma bai sake komawa madafi ba. Tun daga ranar ban ƙara cin sa ba, ko sau ɗaya.

Yayana har yanzu in an taru da salla sai ya tayar da zancen. Ya ce kalma biyu kawai da na faɗa da na huta da ƙona mai zuwa Kalgo, da na huta da shan kashi a bainar jama'a, da ma ana nan ana ɗauka na taɓa iya ƙwallo. Ni dai ba na musu da shi, kashi na sha. Amma duk wanda ya shiga Gwandu ya tsayar da ɗan acaɓa ya ce a kai shi gidan Mai Birki, ya ga ko akwai wanda zai nuna masa ƙofarmu.