Tukunya Mai Jan Zare da Rigar Sanyin da Na Saya wa Inna

Edita da masu karatu, assalamu alaikum. A lokacin da wannan abu ya faru ni yarinya ce ɗanya, Bazazzagiya mai surutun tsiya, wadda aka ɗauko daga gidan da tsakar gidansa ba ta rabo da mutane aka ajiye a wani ɗaki a hawa na uku a Landover, cikin jihar Maryland ta Amurka. Maigidana yana aikin harhaɗa magunguna a wani asibiti, in ya fita da safe sai magariba. Ba ni da aiki, ban haihu ba tukuna, Turancina kuma na makaranta ne, in Ba'amurke ya yi magana sai in yi ta gyaɗa kai ban ji rabi ba. Kaɗaici ya ishe ni har nakan buɗe famfo kawai don in ji motsi a gidan.

Wata maƙwabciyata, nas 'yar ƙasar Filifin, ita ta lura da ni. Ta ce in zo in raka ta ranar Asabar wurin da matan ƙasarsu ke raba abinci kyauta ga mabuƙata, ko na sami abin yi da hannuna. Da na ji a ɗakin taro ne na ƙarƙashin wani coci sai na yi turus, amma maigidana ya ce mai jin yunwa ba ruwansa da sunan ginin, in je in nemi ladana. A can na fara ganin dattijuwar da ta kafa aikin. 'Yar guntuwa ce, kanta fari fat, tana tafe da sauri kamar wadda ta bar nono a wuta. Kowa yana kiranta da kalmar uwa a yarensu, yaransu kuma in za su gaishe ta sai su kama hannunta su kai goshinsu. Ni ban san wannan ba, sai kawai na durƙusa har ƙasa yadda aka koya mini a gida. Ta yi dariya har da hawaye, ta ɗago ni, ta ce duk wadda ta haife ni ta iya tarbiyya. Daga ranar na sa mata Inna, ita kuma ta amsa.

Wallahi har yau in na tuna Asabar ɗin nan sai zuciyata ta yi sanyi. Mu farka buhun shinkafa mu ɗura a leda, mu raba albasa da dankali da gwangwanayen wake da burodi, layi ya miƙe har bakin titi. Akwai 'yan Habasha, akwai masu jin Sifaniyanci, akwai baƙaƙen Amurka da Turawa, har da namu 'yan Afirka ta Yamma masu rufe fuska da hular sanyi kada a gane su. Ni da na zo da tunanin babu talaka a ƙasar nan, a nan idona ya buɗe. Dokar Inna ɗaya ce, kuma ta sha nanata mana ita: kada ka tambayi mutum me ya kawo shi layi, kada ka tsura masa ido, ka miƙa masa ledarsa kamar kayan da ya saya. In an gama sai a share, a baje abinci, a ci da hannu kamar a gida, a yi ta waƙa da lasifika ko da murya ba daɗi. Har nuni da baki suna yi irin namu, abin da ya sa na ce musu lallai akwai wani kakanmu da ya ɓata hanya ya je can.

Ranar farko burodi kawai na ci, na ce a ƙoshe nake, don na ga naman alade a girkinsu. Ban faɗa wa kowa dalili ba. Asabar ta gaba sai ga Inna da sabuwar tukunya dal, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta tara matan ta ce daga yau ba abin da zai shiga wannan tukunya sai kifi ko kazar da ta saya a shagon Musulmi, don ta 'yarta ce, wato ni. Kazar nan da take dafawa da tafarnuwa da ruwan tsami, na gwada ta fi a ƙirga ban taɓa kamo ta ba. Ni kuma na riƙa kai musu masa da yaji, suna ci suna hawaye suna neman ƙari. A kusurwar ɗakin kullum akwai wani ƙaton kwali da suke cikawa a hankali da sabulu da takalman makaranta da tufafi, in ya cika a aika ta jirgin ruwa zuwa ƙauyen su Inna, inda guguwar teku kan kwashe rufin gidaje. A can 'yar cikinta ɗaya tilo take karatun aikin jinya, kuma Inna ce ke ɗauke da karatun.

Ana cikin haka, a shekarata ta uku tare da su, na ga Inna ta fara ramewa, rigar sanyinta kuma ta sha jiki har auduga na leƙowa. Na san tana kula da wani tsoho ne a garin Springfield, a gidansa take kwana. Wata Asabar aka tashi da ruwan sama, lokacin na koyi tuƙi, na dage sai na kai ta gida. Sai ta kwatanta mini wata hanya daban, ba ta Springfield ba. Ta so in sauke ta a bakin titi, ni kuwa da naci na ɗauki jakarta na bi ta har sama. Ashe tsohon ya rasu watanni da suka wuce, 'ya'yansa sun sayar da gidan, aikin ya ƙare. Abin da na gani shi ne katifa a ƙasa a gefen falon wasu mutane, an kare ta da labule, sai akwati ɗaya. Matar da ke ciyar da rabin unguwa ke nan. Ta kama hannuna ta ce in bar wannan a cikina, abu ne mai wucewa, kuma 'yarta ba ta sani ba, ba ta so ta sani.

A nan na yi wautar da nake rubuto muku a kanta. Na auna maganarta da mudun gidanmu. A wurinmu in ka miƙa wa dattijuwa abu ta ce ka bar shi, ai kara ce, in ka bari ma ka yi rashin hankali. Sai na ɗauka Inna ma kunya ce irin tamu, tana so a matsa mata. Na je taron wata-wata na ƙungiyarmu ta matan Hausawa a gidan wata Hajiya a Mitchellville, na zazzage labarin kaf, har da labule da katifa. Matan nan, Allah ya saka musu, suka tashi haiƙan. Aka haɗa bargo da shinkafa da mai da turare, wata ma har da turmin atamfa, ni kuma na sayo rigar sanyi doguwa, koriya shar, mai gashi a wuya. Sai aka ce a kai yadda ake kai gudummawa a gida: a tashi wakilai, a ci ado, a yi jawabi, a ɗauki bidiyo don waɗanda suka bayar su ga an isar da amana. Ni ce ma na ba da shawarar a kai ranar Asabar don a ba ta mamaki.

Muka shiga da gwala-gwalai da ƙamshi, layi cike da jama'a, aka jibge kaya a gaban Inna. Hajiya ta yi jawabi da Turancinta mai kyau, ta yabe ta, sannan ta ce ba zai yiwu baiwar Allah kamar wannan ta rasa wurin kwana muna raye ba. Wata ta rangaɗa guɗa. Na ga matan Filifin sun sunkuyar da kai, amma farin ciki ya rufe mini ido. Inna ta yi murmushi, ta gode wa kowa ɗaya bayan ɗaya, ta bari na saka mata rigar da hannuna. Ni kaɗai ce ba ta kalla a ido ba. Na koma gida ina ba maigidana labari ina fahariya, shi kuwa sai ya tambaye ni ko ita ta ce a yi haka.

Kafin mako ya zagayo bidiyon ya fita daga wayoyinmu ya hau shafukan zumunta, daga hannu zuwa hannu har ya isa ƙauyensu. Maƙwabciyata ce ta faɗa mini cewa 'yar Inna ta kira tana kuka, ta ce za ta bar makaranta ta nemi aikin wanke-wanke, ba za ta yi karatu uwarta na kwana a ƙasa ba. Abin da Inna ta yi watanni tana ɓoyewa don kada ya faru, shi na jawo da bakina a rana ɗaya.

Asabar ta gaba na je da niyyar in durƙusa in nemi gafara, sai na tarar ba ta nan. Na tsaya a teburina ina miƙa leda. Ina ɗaga kai sai na ga rigar nan koriya mai gashi a wuya tana matsowa a layi, na ce ga ta nan. Ba ita ba ce. Wata baƙuwa ce mai goyo, ta lulluɓe jaririnta a ciki. Ashe Inna ta zo da sassafe ta rabar da komai, har atamfar, ta yi sallama da matan. Ta karɓi aikin jinyar wata tsohuwa a wata jiha mai nisa da ta daɗe tana ƙi saboda aikin Asabar, don ta nuna wa 'yarta tana da ɗaki da gado, yarinyar ta zauna a makaranta. Ni kuma ta bar wa maƙwabciyata tukunyar nan, a wanke tas, ta ce a ba ni, kada kowa ya dafa wani abu a ciki sai ni. Na kira ta ba sau ɗaya ba, ba ta ɗauka, daga baya lambar ma ta daina shiga. Aikin Asabar ya ɗan ja bayan tafiyarta, sannan ya watse.

Yanzu ina da 'ya'ya uku da nake yi musu Hausa suna mayar mini da Turanci. Na ji 'yar Inna ta gama karatu, na yi hamdala, amma ban sake ganin Inna ba, ban ma san ko tana raye ba. Abin da na koya shi ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma rufin asirin mutum wani lokaci ya fi masa bargo. 'Yan uwana mata, musamman mu da ke zaune cikin baƙin al'ummu, in wani ya ce ku rufa masa asiri ku yarda da gaske yake, kada ku fassara shi da al'adar gidanku. In za ku taimaka, ku tambaye shi yadda yake so, ku bar waya a jaka. Ni dai tukunyar tana nan a kicin ɗina, zaren ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, ban taɓa kwance shi ba. Ranar da ƙaramar 'yata ta tambaye ni ta wace ce, na ce ta kakarta ce, ta ce me ya sa ba ta taɓa zuwa gidanmu ba, sai na ɗora tukunyar a wuta na ce ta miƙo mini tafarnuwa.