Jagorar da Ofis Ya Ba Murja

Ƙyanda ce ta tafi da idon Murja tun tana ƙarama a garin Karshi. Dangi suka ce a samo mata ɗan jagora, mahaifinta ya ce duk wanda ya sake kawo zancen kada ya ƙara taka masa zaure. Da wannan taurin kai ta tashi. Ta karanta lissafi har jami'a, ta samu aiki a wata hukuma a Abuja. Kullum daga unguwar Lugbe take zuwa, ita da sandarta, ba ta riƙe hannun kowa.

Aikinta lissafin ruwan da bututu zai iya ɗauka. Da wata manhajar lissafi ta kyauta take yi, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. A kan tsarin kwamfuta na Linux manhajar ke zaune daram, kuma kwamfutar na da murya mai karanta mata duk abin da ke allo. Murja ta yi ta gyare-gyare har muryar ta iya faɗin lamba da 'yar ƙaramar da ke bisa kanta ba tuntuɓe.

Sai wasu masu kwat, waɗanda ko ruwan bokiti ba su taɓa aunawa ba, suka zauna a ɗaki mai sanyi suka yanke cewa kowace kwamfuta ta bar Linux ta koma tsarin Windows. Ko tambayarta ba a yi ba. Ta shigo da safe ta tarar an share komai.

Thaddeus, mai kula da na'urorin ofis, wanda Hausarsa ta koyo ce, ya mayar mata da manhajar, amma a cikin wata kwamfutar bogi da ya buɗe a cikin ta gaske. Mai ido ba zai ga bambanci ba. Ita kuwa muryar, da ta zo bakin wannan akwatin sai ta yi tsit. Ran Murja ya ɓaci.

"Oga Thaddeus, a ɗora ta kai tsaye mana. Akwai hanya, ni zan yi da kaina."

"Madam, ka yi haƙuri, policy ne. Ba a ba kowa admin ya ɗora abu da kansa. Amma mun yi maka arrangement mai kyau."

Abin da ya kira mai kyau ɗin Serah ce, daga sashen rajista, baiwar Allah da rabonta da lissafi tun sakandare. Ta jawo kujera ta zauna a gefen Murja, ta soma karanta allo.

"Bakwai, da wani ƙaramin abu a samansa."

"Biyu ne ko uku?"

"Ya yi kama da biyu, Anti."

Bututun unguwa guda ne ke rataye a kan wannan "kama da". Murja ta cije leɓe, ta janye yatsunta daga madannai. Abin da mahaifinta ya kori dangi a kansa, yau gwamnati ta kawo mata shi har teburinta, da katin shaida a wuya.

Da aka tashi, Serah ta kama mata hannu don su sauka bene.