Ɗigon Ogogoro a Rumbun Doya

Tun kafin rikicin 1966 ya iso unguwarmu Abakpa Nike a ƙasar Ibo, ni abin da nake tsoro shi ne kukan ƙanena Sani. Ni ce mai goyonsa. Da shi a bayana nake wanke tumbin da Baba ke kawowa daga kwata, da shi nake carafke da ’ya’yan Mama Ngozi maƙwabciyarmu, in ya tsanyara kuma ni ake wa faɗa.

Ranar da aka fara bin Hausawa gida gida, Mama Ngozi ta tura mu rumbun doyarta, ta jingina tabarma a ƙofa. Sani yana haƙori, ya ɓare baki. Muna jin takun mutane a bayan katanga. Ta miƙo wa Inna kwalbar ogogoro, giyar mijinta, ta ce da Hausarta ta kasuwa, “Shafa shi baki, maza!” Inna ta tsoma yatsa tana kuka, ta goga masa a dasashi. Ya yi barci, muka tsira, jirgin ƙasa ya kai mu Zariya.

Da Sani ya tasa ya fara kwana gidan burkutu, sai dangin Baba suka tuno da ɗigon nan. “Ke kika ɗanɗana masa tun yana zanin goyo.” Haka suke ce wa Inna a biki, haka a zaman makoki. Baba yana ji, bai taɓa kare ta ba. Ta yi azumi, ta yi sadaka, har ta rasu tana neman gafarar yatsa ɗaya.

Bara, ranar sunan ɗana, Gwaggo Laure ƙanwar Baba ta karɓe shi, ta dube shi, ta ce, “Kai, Allah dai ya sa kada ka gado kakanninka.” Na tsare ta da tambaya. Ashe giya ce ta kashe mahaifinsu. Ashe Baba ma yana sha a bayan kwata, ya bi da goro da turare. Duk sun sani.

Malamar asibiti ta ce mini abin yakan bi jini, amma ba dole ba ne. Da can kukan yaro nake tsoro, yanzu ɗana na wasa ma kallonsa nake.

Don Allah, in akwai gadon shan giya a gidanku, ku faɗa wa matan da kuka auro.