Famfon Karaban a Bayan Gidan Kawu

Jiya da yamma famfon kicin ɗina ya fara ɗiga cikin tukunyar da na bari a ƙarƙashinsa. Na tsaya da soso a hannu ina saurare, sai zuciyata ta tafi bayan gidan Kawu a Birmingham, lokacin ina 'yar firamare.

A Manchester aka haife ni, a unguwar Ardwick muke zaune, Baba yana aikin akanta a kansil, wato ƙaramar hukuma. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka fara rage ma'aikata, har abin ya zo kansa. Bayan 'yan watanni muka saki gidan haya muka koma wurin Kawu, yayan Mama, wanda likita ne. Kakata, mahaifiyar Mama, tana gidan tun rasuwar mijinta.

In ka tashi cikin Hausawa ka san nauyin da ke kan namiji ya kwana a gidan surukai. Kawu ya yi ta roƙo, Baba ya yi godiya ya ce ni da Mama mu zauna a ciki, shi karaban ɗin da ke bayan gidan ya ishe shi. Wani ɗan ɗaki ne mai tayoyi da mota ke ja, Kawu ya saya don hutu a bakin teku, sai aiki ya hana, ya zauna a wurin har gansakuka ta hau rufinsa. A ciki akwai gado, da tebur mai naɗewa, da ɗan wurin wanke-wanke mai famfo guda. In na dawo makaranta can nake wucewa. Ina aikin gida a gefe ɗaya na teburin, Baba yana neman aiki a kwamfuta a ɗaya gefen, hita tana gasa mana ƙafafu, wurin yana ƙamshin shayi mai citta.

Tsakanin Baba da Kaka kuwa sai gaisuwa daga nesa. Kowace safiya zai zo ƙofar kicin ya durƙusa, ita kuma ta ja mayafi ta amsa tana kallon gefe. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ta dama kunu, ni take ba wa in kai masa.

Da ganye ya fara zuba famfon ya soma yoyo. Da farko ɗiga yake yi ta baki, Baba ya tara masa kwano. Daga baya ruwan ya koma bi ta gindi yana sauka cikin kabad, katako ya kumbura ya yi baƙi, warin danshi ya kama bargo, Baba ya fara tari. Wata Juma'a Kawu ya leƙa, ya ce a matsayinsa na likita ba zai bar mutum ya yi sanyin hunturu a nan ba, zai sa a ja karaban ɗin a kai bola, Baba ya dawo falo. Baba ya ce in haka ne zai koma Manchester, wani abokinsa a unguwar Fallowfield zai ba shi wurin kwana har Allah ya kawo aiki. Ina bakin ƙofa na ji komai. Na ruga ɗakin Kaka na kifa kai a cinyarta ina kuka, rabi da Turanci rabi da Hausa nake gaya mata Baba zai tafi ya bar mu. Ta yi ta shafa bayana.

Washegari da hantsi sai ga ta ta fito, rigar sanyi a kan atamfa, safa cikin silifa. Ba ta taɓa taka wannan gefen na gidan ba. Ta kifa bokiti a ƙofar karaban ta zauna, ta ba wa ƙofar rabin baya.

“Gaya wa babanki ni ban yarda a ja ɗakin nan ba,” ta ce da ni. “Ya duba abin da ya lalace ya gyara.”

Tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba, amma sai da na maimaita masa. Shi ma ta bakina ya amsa, cewa bai taɓa kwance famfo ba. Kaka ta ce ai yau zai fara. Sannan ta shiga ba ni labarin shekarar da gobara ta cinye rumfar Kakana a kasuwa, suka koma gidan mahaifinta, ya yi damina guda yana kwana a zaure. Ta ce ba wanda ya taɓa ganin ƙanƙantarsa a kan haka, kuma 'ya'yansa sun fi son ganinsa a zaure da rashin ganinsa. Ni take kallo tana magana. Baba yana ciki, kansa a ƙasa.

Can sai ya tashi ya ɗauko akwatin kayan aikin Kawu. Ya kashe ɗan injin da ke turo ruwa daga tanki, ya kwanta rigingine, rabin jikinsa cikin kabad. Ya kwance famfon da sifana, ya canza 'yar robar da ta cinye, ya mayar. Da ya kunna injin sai ruwa ya yi tsiri ya wanke masa fuska da tabarau. Na ga kafaɗun Kaka suna rawa cikin mayafi. Baba ma ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba.

Ashe jikin famfon ne ya tsage. Muka hau bas ni da shi zuwa wani fili a bayan gari inda ake sayar da kayan tsofaffin karaban, muka samo wani mai ɗan kama da namu. Da muka dawo, bututun robar da ke kawo ruwa ya ƙi shiga bakin sabon famfon saboda sanyi ya sandarar da shi. Kaka ta aiko da ruwan zafi, Baba ya tsoma bakin bututun har ya yi laushi, ya tura, ya ɗaure tam. Ya kunna injin, ruwa ya zubo a natse. Ya rufe, ya shafa tishu a gindin famfon, ya ɗaga mini in gani. A bushe yake.

Lokacin la'asar ta yi. Kaka ta taso da butarta ta zo ƙofar. Na miƙa hannu zan karɓa kamar kullum, sai ta wuce hannuna ta miƙa wa Baba da kanta.

“Sannu da aiki,” ta ce. “A cika mini, da ruwan nan zan yi alwala.”

Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana cika butar, ya juya mana baya.

Ya fasa ruɓaɓɓen katakon ya sa sabo, Kawu ya duba ya ƙyale maganar. Baba ya yi hunturun nan tare da mu, tarin ya tafi, da bazara kuma ya sami aiki a Manchester muka koma.

Yanzu mijina da Mama kujera ɗaya suke zama suna musu a kan labarai, tana kiransa da sunansa, kuma ina jin daɗin hakan. 'Yata ba za ta taɓa zama 'yar aike tsakanin mutane biyu da ke jin juna ba. Amma da Kaka ta rasu, bayan an dawo daga maƙabarta kowa ya shigo gida, Baba ne kaɗai ba a gani ba. Kawu ya ce sun yi ta jiransa a mota har suka taho suka bar shi, yana durƙushe a gefen kabarin, yana ta yi mata magana a hankali.