Tukunyar Allurar Isiyaku

Isiyaku ɗan Ramlatu makanikin injin ban-ruwa ne a Fassi. Masu lambu har daga Nariya suke ɗoro nasu a babur su kawo masa. Ba shi da yawan magana, sai tsokana. In ka kawo injin da ya sha laka, sai ya ce, "Baba, wannan ai jana'iza yake so, ba gyara ba."

Yana da shekara ashirin da huɗu ya fara ramewa, ga ƙishirwa ba dare ba rana. Uwarsa ce ta lura kiyashi na taruwa inda yake fitsari. Ba ta tsaya jiƙe-jiƙe ba, ta tasa shi gaba zuwa asibiti a Rano. Aka ce ciwon suga ne, irin wanda jiki da kansa yake lalata abin da ke sarrafa suga, sai allura kullum. Maganin ba ya son zafi, gidansu kuma ba firji. Ramlatu ta sami ƙaramar tukunyar ƙasa, ta kafa ta cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Nan kwalbar take zama.

Bayan wata uku jikinsa ya dawo, likita ta rage masa allura sosai. Ta ce, "An kawo ka da wuri, ba ka kai ga suma ba, kuma kai ba ƙaramin yaro ba ne. Irinku sukan sami sauƙi, wani wata shida, wani shekara. Hutawa ciwon ya yi, bai tafi ba. Ko kaɗan ce, kada ka bar allurar."

Ramlatu na zaune aka faɗi haka. Rabin maganar ta ɗauko zuwa gida.

Da ma ta yi bakance, in ɗanta ya warke za ta yanka akuya ta yi sadaka. Ta yanka, unguwa ta ci, aka yi ta zuwa barka. Malam Muhammad Sani, mahaifin Afra'u da Isiyaku ke so, wanda ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga mai huda cikinsa kullum ba, ya aiko a turo magabata. Aka sa rana bayan girbi.

Daga nan Isiyaku ya daina allura. "Inna, wanda aka ci naman warkewarsa kuma a gan shi da sirinji?" Ramlatu ta kife tukunyar da hannunta.

Wata takwas aka yi lafiya lau. Sannan ƙishirwa ta dawo. Ya koma zagayawa can bayan gonaki don kada a gani, amma uwa ta ga wandonsa yana zamewa daga ƙugu.

"Isiyaku, kiyashin sun dawo ko?"

"Haba Inna, yaushe kiyashi suka taɓa barin Fassi?" Ya yi dariya, ya kau da kai. "Bari a ɗaura auren tukuna. In Malam ya ji mun koma asibiti, shi ke nan."

Saura kwana goma sha biyu. Ta ƙirga su, ta ga ba su da yawa, ta bar maganar asibiti.

Ranar Talata da azahar, saura kwana huɗu, ya yi ta amai a rumfarsa ta gyara, yana riƙe ciki, numfashinsa na fita da ƙyar. Kafin a kai Rano ba ya gane kowa. Washegari ya cika.

Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare. Ramlatu ba ta musa ba. Amma da wata ta ce ciwon ne ya dawo ba sanarwa, sai ta ɗago kai ta ce, "An sanar. Ina wurin."

Afra'u ta yi aure bara, a Unguwar Gai. Tukunyar tana nan a kife a gindin randa. A rumfar kuma akwai injina biyu da ya kwance bai ɗaura ba, har yau masu su sun kasa zuwa su tambaya.