Shekara Talatin da Shida da Takobi Ɗaya

"Wa ya ce ka tsaya?"

"Malama, jini fa nake gani."

"Labarin jini na tambaye ka? Wata biyar kana kaɗa mini iska kamar mai korar ƙuda, yau ɗaya da ka yi saran kirki sai ka ɓige da ba ni haƙuri? Ɗauki takobinka."

Baba Ureshino bai ɗauka ba. Dattijo ne ɗan shekara sittin da biyu, ya yi shekara talatin yana tuƙa bas a Kumamoto bai taɓa buge ko kyanwa ba, ga shi yau ya fasa goshin tsohuwa da takobin katako. Ya zube a kan gwiwoyinsa, goshi a ƙasa. Malama Iwakiri kuwa tana tsaye a kansa, jini na bin girarta ta hagu yana ɗiga a kan rigar horo.

Ni ce na kawo tawul. Kuma ba jinin ne ya tsinka mini zuciya ba. Abin da na gani shi ne, lokacin da takobin yake zuwa, ba ta ko kauda kai ba. Ba ta gan shi ba ne.

A watan Janairu aka yi wannan. Likita ya ce idon hagun ya kusa rufewa. Malam Shigaki, shugaban makarantarmu ta takobi biyu, ya tara mu ya ce Lahadin ƙarshe ta watan Maris Malama za ta ajiye ajin sababbin shiga. In ba a sami wanda ya karɓa ba, za a rufe ajin, a sallami mutum bakwai ɗin da ke ciki. Yau da nake wannan rubutu saura kwana tara, kuma babu wanda ya karɓa.

Mutanen unguwa sun san ta da awara, ba da takobi ba. Tun kafin assalatu take tashi ta markaɗa waken da ta jiƙa, ta dafa, ta tace, ta danne a mazubi. Ƙarfe biyar da rabi ta bar wa ƙanwarta shagon, ta hau kekenta ta bi bakin kogi. Ita ke buɗe zauren horo. Ita ke goge daɓen katako da tsumma, a sunkuye, daga bango zuwa bango, tana da shekara sittin da tara. Sannan ta duba takubban sababbin shiga ɗaya bayan ɗaya, tana bin su da babban yatsa ko akwai tsaga. Abu na ƙarshe, ta tsaya a bakin ƙofa ta share ƙurar wani gajeren takobi da ke rataye a ƙusa. Ba ta sauke shi. Ƙarfe shida, ɗalibai su shigo su tarar da zaure yana ƙamshin waken suya.

Wannan takobin nata ne. Ga dalilin ratayewar, ga wanda bai taɓa leƙo mu ba. Ɗalibi shi ke riƙe biyu, dogo a dama, gajere a hagu. Amma ba a koyon tare sara da iska, sai an sami wanda zai kawo maka saran. Shi wannan takobi ɗaya yake riƙewa, ya auno tsakar kanka da gaske, kai kuma ka giciya naka biyun ka tare, ka ture da gajere, ka sauke dogo a gefen wuyansa. A kowane zagaye, mai kawo sara shi ake kayarwa. A makarantarmu, duk wanda ya karɓi sababbin shiga sai ya rataye gajerensa a ƙusar bakin ƙofa, ba ya sake taɓa shi sai ranar da ya bar aikin. Wanda kuwa ba ya riƙe biyu ba a gwada shi, ba ya hawa mataki, ba a rubuta masa takardar izinin koyarwa.

Malama Iwakiri ta rataye nata tana da shekara talatin da uku. Dattawa sun ce a lokacin babu mai hannun hagu irin nata a faɗin lardin. An ce na shekara ɗaya ne, kafin a sami wani.

Na karanta labaran jarumai har idona ya yi zafi, a kantin littattafan da nake aiki. Duk a kan wanda ya yi nasara ake rubutu. Ban taɓa cin karo da shafi ɗaya a kan wanda ya tashi kullum da asuba don a kayar da shi ba.

Ranar da na fara zuwa, shekara biyu ke nan, na ɗauka mai shara ce. Na miƙa mata jakata na ce, "Iya, ina malamin?" Ta karɓa ta rataye, ta ce, "Yana zuwa." Ta ƙarasa shararta, ta ɗauki takobi, ta tsaya a gabana. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ba ta taɓa tada zancen ba, sai dai in na yi kuskure ta ce, "Bari malamin ya zo in kai ƙararki."

Wata ukun farko ba ta koyar da sara. Umarni ɗaya take bayarwa: ka ci abinci da hannun hagu. Kowa ya san ɗalibanta a gari, su ne masu tabon miya a ƙirji, masu fama da tsinkayen cin abinci a gidan taliya yara na musu dariya. Ta ce hannun dama bakinsa ya yi yawa, sai an koya wa na hagu magana. "Sabon shiga dogon takobi yake so, don shi ne ake gani. To wanda ake gani shi ke kashe abokin gaba, wanda ba a gani shi ke mai da kai gida."

Shekarar da girgizar ƙasa ta tsaga rufin zauren, Malam Shigaki ya rufe makaranta wata huɗu. Masu gadin filin ajiye motoci na bayan kasuwa sun shaida cewa ajinta bai yi fashin ko kwana goma ba. A can ta ci gaba, a kan kwalta, tsakanin motocin da mutane ke kwana a ciki. Wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini cewa a watannin nan, sa'ar horon nan guda ce kawai take samun natsuwa.

Gwanaye ba sa son wannan aiki, kuma ba don girman kai kaɗai ba. Gwani ya san inda takobinsa zai sauka. Sabon shiga shi kansa bai sani ba. Ku dubi hannayenta. Kowane tabo da sunansa, kuma tana nuna su kamar mai nuna hotunan jikoki. Ƙullin da ke wuyan hannu, wani lauya ne da ke Osaka yanzu. Haƙorin da ya guntule, ma'aikaciyar jinyar nan ce. Ƙaramin yatsan dama da ya karkace har abada, wannan babban ɗalibinmu Egashira ne.

Malama, ke ce ƙofar da kowa ya bi ya shiga, ba wanda ya waiwayo ya ce mata sannu. Ke ce kike auno kan mutum da dukan ƙarfinki, in kin ga ya kasa tarewa ki tsayar da takobin a kan gashinsa, ya ji iskar bai ji katakon ba. Ke ce kike barin mu mu kayar da ke, mu tafi gida muna ji kamar zakuna, ba mu san cewa ke kika auna mana nasarar daidai bakinmu ba, kamar yadda ake auna wa jinjiri kunu. Malama, a shekara talatin da shida an kayar da ke sau nawa? Na gwada lissafawa, kaina ya juya.

To yanzu dogon takobin sabon shiga daga damansa yake tasowa, wato ta hagunta, daidai inda hasken ya ɗauke. Tun Janairu nake zuwa da wuri in zauna a gefe har a tashi. Kowane sara sai na runtse ido. Baba Ureshino ya daina sara gaba ɗaya, lallaɓa takobin yake kamar mai ajiye ƙwai, ita kuma tana zaginsa. Shekaranjiya ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "'Yar nan, in aka rufe ajin nan, ni na rufe shi ko?"

Manyan ɗalibai goma sha ɗaya ne. Idon kowa yana kan Egashira, kafintan nan ɗan shekara talatin da huɗu, wanda in ya ɗaga takubbansa biyu zaure ke yin tsit. A kaka mai zuwa ake sa ran ba shi takardar izini. Ba zan ɓoye ba, ni kaina nakan daɗe ina kallonsa, har Malama ta taɓa ce mini, "Takobin ne zai sare ki, ba ƙeyarsa ba." Makon jiya na ji su a wajen famfo, tana wanke tsumma.

"Malama, kowa sai kallona yake."

"To ka daina kyau."

"Da gaske nake. Shekara goma sha huɗu ina bin takardar nan. Saura wata shida."

"Na roƙe ka wani abu?"

"Da ma kin roƙa, da na sami abin ƙi."

Ta matse tsumman ta shanya. "Ni ma ba a roƙe ni ba. Matsa, kana tare mini rana."

Ban ga laifinsa ba, kuma ba ni da bakin ganin laifin kowa, ni da har yanzu hannun haguna in'ina yake. Amma ina tambayar yayyena goma sha ɗaya: wa ya tsaya muku? A jikin wa kuka koyi inda takobinku yake ƙarewa? Makarantar da ba ta da ƙofa, komai kyan cikinta, kabari ce mai jiran lokaci. Ku ma masu karatu, kowace sana'a tana da irin ƙusar nan, da wanda ya rataye rabonsa a kai don wasu su wuce. Ku neme shi ku gaishe shi tun yana ji. In ya gaji, kada ku sunkuyar da kai.

Malama Iwakiri, mun gode. Mun gode da yatsan, da haƙorin, da girar. Sannu da aiki.

Nan na tsaya da farko. Abin da ke ƙasa ƙari ne da na rubuta yau Lahadi da rana, kafin in miƙa wa mai buga jaridar unguwa.

Mun zauna sahu biyu, manya a gaba, sababbin shiga bakwai a can baya. Malama ta taka zuwa bakin ƙofa ta sauke gajeren takobin. Inda ya daɗe a rataye, bangon ya yi fari da siffarsa. Ƙusar ta zauna tsirara. Malam Shigaki ya jira. Na ƙirga numfashina har arba'in, ba wanda ya motsa. Baba Ureshino ya fara naɗe ɗamararsa a hannu, kamar mai shirin tafiya.

Malam Shigaki ya yi ajiyar zuciya ya ce, bisa al'ada, mai barin aiki zai yi zagaye ɗaya da takobi biyu. "Wa zai kawo mata sara?"

Wannan ba alkawari ba ne, aikin minti ɗaya ne. Mutum ya ajiye gajerensa a ƙasa, ya kawo saran, ya dawo ya ɗauki abinsa. Egashira ya miƙe, ya ajiye, ya tsaya a gabanta. Ya sauko da takobin kamar mai faskare.

Ban ga hannun hagunta ya tashi ba. Ƙara kawai na ji, sai ga takobinsa a can gefe, dogon nata a kwance a gefen wuyansa, gajeren kuma a ƙarƙashin haɓarsa. Hannun da ya yi shekara talatin da shida yana tatar awara. Egashira ya tsaya a sandare, yana kallon karkataccen yatsan nan da ke dab da fuskarsa.

Suka rusuna wa juna. Ya koma ya ɗauki gajerensa daga ƙasa, amma bai zauna ba. Ya ratsa sahun manya, ya ratsa na sababbin shiga, har bakin ƙofa.

"Kai, kafinta," in ji Malama, tana haki. "Ƙusar nan ba ta aro ba ce. Ni ma shekara ɗaya aka ce mini."

"Na sani, Malama."

Ya rataye. Ya gyara masa zama har ya rufe farin wurin, sannan ya juyo ya fuskanci zauren.

"Baba Ureshino, mai da ɗamararka. Gobe ƙarfe shida ni zan buɗe ƙofar nan, kuma in ka sake lallaɓa mini takobi kamar ƙwai, gida za ka koma. Na karɓi ajin."